Motar da Muka Saya da Citta

Mu matan zumuntar coci ne muka sayi motar asibitin ƙauyenmu, kusa da Godogodo. Citta muka noma, muka yanka, muka shanya, har motar ta samu. Ranar da aka kawo ta sai da na rangaɗa guɗa. Aka damƙa makullin a hannun yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, dattijo a ikilisiya, mutum mai son a kira shi shugaba ko da na layin rijiya ne.

Wata Asabar da safe 'yata ta haifi bakwaini. Yarinya ce 'yar mitsitsiya, numfashi da ƙyar, leɓenta ya fara baƙi. Nas ta ce sai babban asibiti a Kafanchan, inda ake sa irinsu a kwalba, kuma tukunyar oksijin da ke cikin motarmu za ta riƙe ta a hanya. Na fita da gudu, na tarar da rumfar motar wayam. Tukunyar tana jingine da bango.

Na buga wa yayana waya.

"Yaya, ina mota?"

"Mun tafi mochari ɗauko gawan baban honarabul. Yau ne biso, kin manta?"

"Jikarka ce fa! Ba ta numfashi sosai!"

"Ki yi haƙuri, an riga an yi alkawari. Mun ma sauke silindan oksijin don akwati ya shiga. Ku nemi okada, Ubangiji zai tsare."

A wurinmu, gawar babban mutum da ba ta shigo gari da jiniya ba, an wulaƙanta ta ke nan. Na san wannan sarai. Ban dai san domin haka na yi ta sunkuyo a gonar citta ba.

Tukunyar ba ta hawa okada. Na manna jaririyar a ƙirjina, na ɗaure da zani, muka kama hanya. Can gaba muka yi kiciɓis da motarmu, tana tafe a hankali, an yi mata ado da furanni, jiniya na kuka, motoci jere a baya. Mai okada ya ratse gefe, har da cire hula. Yayana yana zaune kusa da direba. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu.

Kafin mu shiga Kafanchan na daina jin motsinta. Ɗumin da ya rage a cikin zanin nawa ne kawai.

Da yamma, ina zaune a barandar asibitin, sai ga wayarsa.

"Na ji abin da ya faru, sannu. Mota ya gama aiki yanzu. In turo ya kawo ku gida?"

Na kashe wayar. A cikin zanin da na kai ta na dawo da ita, a kan okada. Kowace Lahadi muna karɓar jibin Ubangiji a coci wuri ɗaya da shi, amma Allah ya sani ban yafe ba.