Rabin Bayanin da Inna Tsaf Ta Ji

A asibitin babu wanda ya damu da sunanta na yanka. Inna Tsaf ake ce mata, tun daga likita har mai gadin ƙofa, saboda in ta goge ɗaki sai ka ji kunyar taka shi da takalmi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta saboda matse mofar goge ƙasa. Baki kuwa Allah ya ba ta. Ka kuskura ka taka mata jiƙaƙƙen siminti, ko kai ne babban likita sai ta raka ka da harara da 'yar magana.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali, ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Shi kaɗai ta taɓa sani a matsayin namiji. Bayan rasuwarsa manema sun yi ta zarya, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, har da wani mai shagon tayoyi da ya shekara biyu yana naci. Ba ta da gida nata, ba ta da zinariya ko ta ɗan kunne, amma tana da wannan, kuma ta riƙe shi da hannu bibbiyu. Duk unguwa an san ba a taɓa jin ta da wani namiji ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka buɗe ɗakin gwajin mata a ƙarshen baranda, aka ba Inna kula da tsaftarsa. Gado ne guda mai wurin ɗora ƙafafu, da fitila mai dogon wuya, da labule kore, da kwandon shara mai murfi. Kowace safiya da ƙarfe takwas Sista Doguwa, nas ɗin da ke riƙe da ɗakin, takan tsaya gaban matan da ke kan benci ta yi musu bayani. Takan fara da cewa sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar.

To, a nan gizo yake saƙa... a'a, bari in faɗa muku kai tsaye: famfon asibitin ƙarfe takwas da kwata yake ɗaukewa. Duk mai sharar da ba ta tari ruwa kafin lokacin ba, ta shiga uku ranar. Saboda haka da Sista ta kai kan kalmar "saduwa", Inna Tsaf ta riga ta saɓi bokitai biyu ta yi bayan gini. Kafin ta dawo an gama, mata sun fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana jin farkon bayanin, ba ta taɓa jin ƙarshensa ba, sai ta ƙarasa shi da kanta.

Takan dubi matan ta ƙasan ido tana goge ƙarƙashin bencinsu. In aka fito da wata tana kuka, sai ta taɓe baki ta raɗa wa abokiyar aikinta: "Allah dai ya shirya. Ki gan su a lulluɓe kamar na kirki." Ba muguwa ba ce, don takan ba su ruwan sha, ta riƙe musu jarirai. Amma a ranta ta gama yanke musu hukunci. Sau nawa Sista Doguwa ta ce mata, "Inna, yau fa babu layi, zo ki hau mu duba ki." Sai ta yi dariya ta ce, "Ni? 'Yar nan, ki nemi masu abin. Ni da na haife ki zan buɗe miki jiki?"

Jinin al'ada ya ɗauke mata da shekara shida, sai wata safiya ta ga ɗigo a zanenta. Ta ce ƙila wahalar ɗaukar bokiti ce. Bayan sati biyu ya dawo, daga nan kuma wani ruwa-ruwa mai wari ya biyo baya. Ba ta bukaci kowa ya gaya mata ba. Ta san warin nan, ta sha kwashe shi a kwandon ɗakin gwaji. Ta zauna a bakin katifa. Abin da ya fi ba ta tsoro kuwa ba mutuwa ba ce, abin da za a ce ne: ashe Inna Tsaf ma haka take. Wa zai yarda da rantsuwarta? Ita kanta ba ta taɓa yarda da ta kowa ba.

Da wata ce, da asirinta ya tonu cikin wata guda. Amma aikin Inna shi ne ɓatar da ƙazanta, kuma ta iya aikinta. Takan yi ƙunzugu da tsumma da auduga, ta canza sau huɗu a yini a banɗakin ma'aikata da ita ke wankewa, ta cusa a cikin sharar ɗakin gwaji, ta kai wurin ƙonawa da hannunta. Ta riƙa zuba maganin goge ƙasa a ruwan wankin kayanta har ya fi na bokitin ƙarfi. A gida ta daina bari 'yarta ta yi mata wanki. Bayanta ya fara ciwo, ta ce tsufa ne. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu, abokan aiki suna tsokanarta wai ko sabon miji take nema take rage jiki, ita ma ta taya su dariya. Haka ta yi wata tara.

Wata Talata fanka ta lalace a ɗakin gwaji. Inna ta sunkuya tana goge ƙafar gado, Sista Doguwa na tsaye a bayanta tana sa safar hannu. Sai Sista ta tsaya cak. Ta leƙa kwandon shara, babu komai a ciki, don yanzu aka juye shi. Ta je ta tura ƙofa ta murza makulli.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Don girman Allah, Inna. Shekarata ashirin a aikin nan, hancina ba ya yi mini ƙarya."

Inna Tsaf ta jingina mofa da bango. Ta ce, "Wallahi, 'yar nan, ban taɓa sanin wani namiji ba sai uban 'ya'yana. Ko Alƙur'ani a kawo in dafa."

Sista ta dube ta, ta kasa gane inda maganar ta dosa. "Wa ya ce kin san wani?"

"Ke kike faɗa kullum. Ta saduwa ake ɗauka."

"Sai kuma na ce me?"

Inna ba ta taɓa jin sauran ba.

Sista ta zauna a kan kujera kamar an tura ta. A hankali ta faɗa mata sauran, abin da take faɗa wa baƙi kowace safiya. Kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, yakan gamu da ƙwayar nan, yawanci jiki ya kore ta ba tare da an sani ba. Miji ɗaya ya isa. Shi ma ba lalle ya yi wani laifi ba, ba kuma zai san yana ɗauke da ita ba. Inna ta tuna mijinta ya taɓa aure kafin ita. A jikin wasu matan ƙwayar takan lafe shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta zama sankara, shi ya sa ake gwajin, don a tare ta tun ba ta zama komai ba.

Ranar Inna Tsaf ta hau gadon. Sista ta kunna fitila ta duba, ba ta daɗe ba ta kashe, ta fita ta kira likita. Likita ya duba shi ma, ya yi magana a hankali yana kallon takarda: za a yanki ɗan nama a kai gwaji, amma abin ya riga ya wuce bakin mahaifa, da wuya a iya aiki. Za a tura ta babban asibiti a gwada gasa ciwon da na'ura, za a kuma ba ta maganin rage ciwo. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fita.

Ta zauna a bakin gadon, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ga baƙin ciki, ga kunya iri dabam da wadda ta yi wata tara tana gudu.

"Yanzu me ma'aikata za su ce a kaina?"

"Me za su ce, Inna? Kuka za su yi. Babu mai irin wannan tunanin a nan."

Inna ta san akwai mutum ɗaya, ita kanta, amma ba ta faɗa ba. Ta ɗaura zanenta, Sista ta taya ta.

"In tambaye ki, ki gaya mini gaskiya. Da na zo tun ranar da na fara ganin jinin fa?"

Sista Doguwa ta juya ta fuskanci bango tana cire safar hannu, yatsa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunta suna girgiza.