Tayoyin Baba Zamfir

Shekara arba'in da ɗaya Baba Zamfir ya yi yana hawan falwaya, yana gyaran wutar lantarki. Babu gida a ƙauyenmu da hannunsa bai taɓa wayarsa ba, har coci. Idan dusar ƙanƙara ta katse wuta, ƙofarsa ake bugawa, ya bar tuwon masararsa a kwano ya saɓi jaka. Amma duk tsawon shekarun nan mutumin nan bai taɓa ganin teku ba, alhali tafiyar awa biyar ce daga nan. Duk shekara sai ya ce wa matarsa Profira, "Baɗi." Ana ta baɗi, baɗi, har aka binne ta.

Bayan addu'ar arba'in ya yi abin da iyayenmu suka saba: gida na auta ne. Ya shiga gari ya sa hannu, gida da gona suka koma sunan ɗansa Tiberiu, wanda muke kira Tibi. Shi kuwa ya riƙe ɗakinsa na gaba, inda aka haifi Tibin.

A shekarar ne ya hango rulota a bayan gidan wani mai kiwon zuma, irin ɗakin nan mai taya biyu da ake ja da mota. Ta ruɓe, kaji ke ƙwai a ciki. Ya gyara wa mutumin wayar rumfarsa, aka jawo masa ita da tarakta har bayan gida, kusa da kejin kaji.

Abokinsa Ilarie, tsohon direban bas, ya leƙo ta kan shinge.

"Zamfir, akwatin gawa ka tanada tun da wuri? Ai ya yi maka yawa."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Teku za ni. In ka yi hankali in ɗaure ka a kan rufi."

Ya fara da ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, ya kwashe sheƙar ɓera ta cika baro biyu. Sannan ya shiga aikin da ya fi iyawa. Kowace waya sai da ya ɗaura mata 'yar takarda da rubutun hannunsa, wannan ta fitila, wannan ta firji. Ya kafa faifan sola biyu a kan rufi, ya ɓoye batir a ƙarƙashin gado. Tibi ya ce ya ja waya daga gida mana, ya huta. Ya ce a'a.

"A bakin teku wa zai ara mini soket? Ɗakin nan ba zai nemi komai wurin kowa ba."

Ya faɗa da alfahari, kuma Tibi ya riƙe maganar.

Abin da ya kamata ya tsaya masa a rai shi ne Mirela, matar Tibi. Matar da ba ta yarda ya bar takalminsa a bakin ƙofa, sai ga ta kullum da kofin kofi a faranti, tana zagaya rulota tana ƙwanƙwasa bango.

"Baba, ku sa wani abu mana tsakanin ƙarfen nan da katako, kada sanyi ya shigar muku."

"Wane sanyi, 'yata? Da zafi zan tafi."

"Ai ba a sani ba, Baba."

Washegari Tibi ya sauke buhu huɗu na gashin tumaki da ya karɓo wurin makiyaya. Mirela da kanta ta wanke, ta shanya. Tsohon nan har da goge ido. Ya cusa gashin a bango da rufi da ƙasa, bai bar ko kafar allura ba. Sai suka ce ƙaramin murhun itace fa? Ya sa murhu, ya fitar da bututun hayaƙi.

"Ka gani? Yaran nan sun san mutunci," ya ce wa Ilarie.

"To. Ni dai shekara talatin ina kai mutane teku, ban taɓa ganin wanda ya tafi wanka da murhu ba."

"Baƙin ciki ke cin ka, don naka ɗan ko waya ba ya yi maka."

Jeren katako ya fi cin lokaci. Siraran filanki ne masu ƙamshin ƙaro, kowanne yana shiga bakin ɗan'uwansa. Ɗaya bayan ɗaya ya goge su, ya shafe su da mai, ya ɓoye kan kowace ƙusa. Ya yi 'yar kanta daura da taga ya ɗora hoton Profira, fuskarta na kallon waje, don ita ma ta ga ruwan. Duk wanda ya leƙa sai ya riƙe baki. Ko ɗakin amarya albarka.

Ya gama ana gab da sanyi. Sai ya yi abin da duk mai kula da kayansa ke yi a nan kafin ƙanƙara: ya ɗaga rulota da jak, ya ɗora ta a kan bulo, ya kwance tayoyin biyu don kada sanyi ya tsattsaga robar. Ya naɗe su a buhu ya jingine a rumbu. Da hannunsa ya kwance su, babu wanda ya sa shi.

Satin Kirsimeti aka yanka alade, iyayen Mirela suka zo.

"Baba, kwana uku kawai," in ji Mirela. "Mama bayanta ba ya son gadon falo. Ku gwada mana rulotar taku mu gani."

Da murna ya tafi. Da safe ya fito yana gaya wa kowa cewa da singileti ya kwana. Kwana uku suka zama sati biyu. Baƙi suka tafi, aka ce ana fenti a ɗakin. Fenti ya bushe, sai ga mota ta sauke manyan madubai biyu da kujera mai juyawa. Mirela ta buɗe shagon gyaran gashi a ɗakin da surukarta ta cika. Kayan tsohon kuwa a buhunan da aka kawo gashin tumaki aka zuba su, aka ajiye a bakin rulota.

Ya tari Tibi yana faskare.

"Kai, ɗakina fa?"

Tibi bai ko ajiye gatari ba. "Haba Baba, me ka rasa? Wuta gare ka, ɗumi gare ka. Mu da ke cikin gida ma ba mu da irin katakon nan. Ba kai ka ce ba ka neman komai wurin kowa ba?"

Tsohon ya haɗiye maganar. Dukanmu mun zaci zai tayar da ƙura, bai yi ba, don yana da abin da ya riƙe. Su cinye ɗakin. Ƙanƙara na narkewa zai ɗaura taya ya bar musu gidan.

Ranar da ciyawa ta fara tsirowa ya shiga rumbu. Buhunan na nan a ninke tsaf. Tayoyi babu.

"Au, waɗannan? Surukina na ba, amalankensa ba taya," in ji Tibi. "Na ga suna zaune kawai."

"Tekun fa?"

Tibi ya yi dariya, dariya ta gaske, har da dafa gwiwa. "Baba, da wace mota? Tawa? Ai na cire mata ƙugiyar jan kaya tun bara. Shekara saba'in, ka je ka faɗa ruwa a ce mun yi sakaci."

Ilarie bai yi masa gori ba, Allah ya sani. Wata biyu yana bin 'yan gwangwan garuruwa, don tayar tsohon yayi ce, ba a cika samunta ba. Ya kuma shirya da wani mai a-kori-kura da zai ja musu rulotar. Ranar da ya turo tayoyin a baro yana haki, ya tarar da magina a gidan. Tibi ya ja ginin bulo daga bangon gida har shinge, wai wurin jiran mata masu gyaran gashi. Hanyar da aka shigo da rulota ta zama 'yar ƙofa da baro ma sai an karkata shi.

Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon siminti yana bushewa.

"In kawo guduma?" in ji Ilarie.

"Gidansa ne," in ji Zamfir. "Ni na sa hannu."

Da zafi ya tsananta, Tibi da Mirela suka rufe shago suka tafi teku, sati guda. Suka bar masa kaji da alade da makullin ƙofar waje. Na cikin gida kuwa suka tafi da shi. Da suka dawo, rana ta ƙona fatarsu har tana saɓulewa, Mirela ta shigo rulota ba sallama ta manna wani ɗan maganaɗisu a jikin firjinsa, mai hoton ruwa da laima.

"Ga tsarabarku, Baba. Wallahi kun huta. Ruwan duk datti, ga cunkoso, ba abin gani."

Ya ce ya gode. Gode fa ya ce!

Yana nan har yau. Idan na'urar busar da gashi ta ƙona fis, wuta ta ɗauke, Mirela ta ƙwala masa kira ta taga, ya ɗauki jakarsa, ya cire takalmi a ƙofar ɗakinsa, ya gyara, mata na kallonsa ta madubi. Tayoyin Ilarie suna ƙarƙashin rulota a naɗe cikin buhu. Duk Lahadi bayan coci yakan hau tsani ya goge faifan sola, ya sauko ya shafa wa ƙugiyar rulota giris. Taku uku ne tsakanin ƙugiyar da bangon Tibi. Profira kuwa tana kan kantarta, tana kallon kejin kaji.