Garwashi a Bakin Ruwa

"Mama, dakata. A ina aka rubuta akwai sauro?"

Uwar zumuntar mata ce ta katse ni. Ina tsaye gaban matan cocinmu na Haɗeja, ranar Alhamis da la'asar, duk sun rufe ido yadda na sa su. Karo na biyu ke nan da aka ba ni jan bimbini tun da na iya karatu. Muna kan labarin masuntan nan da suka kwana a ruwa ba su kama ko ɗan karfasa ba, da safe Ubangiji ya kira su daga gaɓa.

Na ce, "Malama, ba a rubuta ba. Amma ni ban taɓa ganin bakin ruwan da babu sauro ba."

Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Shugabar firamare ce da ta yi ritaya, har yau da jan biro take yawo a jaka. Ta ce in dai ƙari zan riƙa yi wa Maganar Allah, yau za ta soke sunana daga jerin masu jan bimbini. Ta tashi da kanta ta kirawo Fasto daga ofis.

Na haura sittin kafin na san baƙi. Tun da mijina ya kawo ni garin nan daga Filato bandar kifi nake yi, tarwaɗa da karfasa da ake kawo mini daga Auyo. Shekara uku na yi a ajin manya, da tabarau da yatsa, kafin a rubuta sunana a takardar nan. Kuma karatuna na tsohuwa ne. In karanta kalma ɗaya, in huta, in kamo ta gaba. To a cikin hutun nan nake ganin abin. In ga kwalekwale, in ji ƙarnin taru, in ji sanyin laka a ƙafata. Da, addu'ata lissafin buƙatu ce kawai, in zuba in tashi. Yanzu shiga nake yi in zauna kusa da Ubangiji, in yi magana, wani lokaci in yi shiru.

Fasto ya shigo. Yaro ne, sa'an autana. Ya ji ta bakinta, ya juyo.

"Mama, me kika ce?"

"Sauro nawa ne, ɗana, na yarda. Na san abin da na karanta, na san abin da na gani da ido a rufe. Ku cire sauro. Wutar fa?"

"Wace wuta?"

Na buɗe wurin, na ɗora yatsa, na bi shi a hankali a gaban kowa, ban bari wani ya taya ni ba. Da suka fito gaɓa garwashi suka tarar, da kifi a kai, da gurasa.

Na ce, "Fasto, ka taɓa gasa kifi?"

"Ci dai nake yi, Mama."

"Na ga alama. To ba a ɗora kifi a kan harshen wuta. Fata ta ƙone, ciki ɗanye. Sai ka nemo itace, bakin ruwa kuwa rabinsa jiƙaƙƙe ne. Ka hura, hayaƙi ya cika maka ido, ka zauna ka jira ta ci ta kwanta. Ku matan nan, ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne, Mama!"

"To ku faɗa mini. Tun yaushe Ubangiji yake a wurin? Su suna can suna jan taru wofi, suna cewa an manta da su, shi yana durƙushe yana fifita musu wutar karin kumallo. Ni wannan na gani. Shekarar da ruwa ya ci ɗakina da murhun bandata, na yi ta yi masa tsiwa, ina cewa ina ka shiga. Sai da na karanta wurin nan na zauna a gefen garwashin na ba shi haƙuri."

Wata gwauruwa da ke zama a benci na biyu, wadda ba ta taɓa buɗe baki a zumunta ba, ta ja gefen ɗankwalinta tana goge ido.

Fasto ya karɓi littafin daga hannuna, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce ya yi wa'azi a kan wurin nan ya fi sau biyar, bai taɓa tambayar wa ya hura wutar ba. Ya ce wa Malama in dai ina rarrabe nawa da na Littafi kamar yadda na yi yanzu, a bar ni.

Malama ta daɗe tana juya jan bironta. Can ta ce, "To kifin da ke kan wutar, Mama, a ina ya samo shi?"

"Malama, ba a rubuta ba."

Wannan karon har da ita a dariyar. Ta jefa biron cikin jaka, ta zuge. Fasto bai koma ofis ba, ya nemi bencin baya ya zauna.

Na ce, "Kowa ya rufe ido. Har da kai, ɗana. Muna bakin ruwa, ku ɗage zani, akwai laka."