Sunan Baba a Tele

Ba zan iya rantsuwa kan shekarar ba, amma dai tele, wato talabijin, bai daɗe da zuwa Garwa ba, ni kuma na dawo daga Yawunde da digiri, babu aiki. Kawuna, mai fataucin atamfa, ya zo mini da wata ƴar kwamfuta daga Kano. Maɓallai ne kawai da wayoyi, ba ta da gilashin kallo, sai an jona ta da tele. An ce wanda ya iya ta ba ya rasa aiki a ofis, tele kuwa ɗaya ne a gidanmu, na Baba.

Da ƙyar ya yarda, bayan na yi alkawarin mayar da komai yadda na same shi kafin labarai. Na zare wayar eriya, na soka ta kwamfutar, na yi ta murɗa ɗan maɓallin neman tasha, sai yayyafi da shuu. Inna tana bakin ƙofa tana cewa a bar wa mutum kayansa. Can sai gilashin ya yi shuɗi, wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa.

Don in faranta wa Baba, na buga sunansa cikakke. A ganina rubuta sunan uba ba furta shi ba ne, ko da yake har yau ban tabbata ba. Inna, wadda bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya miƙe.

"Yanzu duk Garwa suna kallon sunana tsirara, ko Alhaji babu?"

Na yi bayani cewa abin bai wuce ɗakin nan ba, amma sai na ƙara da "ina jin", wannan kuwa ya ɓata komai. Ya saka takalmi ya tafi gidan maƙwabcinmu Bafulatani ya duba da idonsa. Na zauna ina kallon ɗigon, ina tunanin yadda zan mayar da kwamfutar cikin kwalinta.

Ya dawo yana dariya. Wai ya tarar da telensu a lulluɓe da zane, sai ya ce gaisuwa ya zo, har aka dama masa fura.

"Tsakanin azahar da la'asar naka ne," in ji shi. "Amma gyara, sa Alhaji a gaba."