Harshen da Ya Rage wa Kalilu

Kalilu mutumin Tsamaye ne, manomin gero, mai yawan surutu. Shekarar da fari ya ƙone gonaki, ya bar matarsa Hajo da buhun dawa guda, ya tsallaka Nijar cin rani. Can ya faɗa hannun wasu Japanawa masu haƙar rijiyar burtsatse, suka ɗauke shi mai dafa abinci.

Da kunne ya kama harshensu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba a sanin ko mutum ya yarda ko ya ƙi sai ya kai ƙarshen zancensa, don a can suke ajiye aikatau. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi da suke liƙa wa suna, su nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Da ya dawo gida yakan kwaikwayi maganarsu a dandali, mutane su yi ta dariya.

Bayan shekaru fari ya sake dawowa. Kalilu na cikin maimaita shukar da ta ƙi tsira ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi asibitin garin Isa a amalanke. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

Da ya farfaɗo ya dubi Hajo ya ce, “Ruwa... gona... ni.” Ya tsaya, gumi na keto masa. Sunayen abubuwa na nan a kansa, amma abin haɗa su ya tafi.

“Mi ya same shi, likita?” in ji Hajo. “Ya zare ne?”

“Hankalinsa ƙalau, Inna. Duk abin da kike faɗa yana ji. Sanin ma'anar kalma daban, jera kalmomi daban, ba wuri ɗaya ke yin su a ƙwaƙwalwa ba. Wajen jerawar ne ciwon ya taɓa.”

Suna haka Kalilu ya buɗe baki ya ce, “Mizu o kudasai.” Sumul, ba gargada. Ruwa yake roƙo da harshen Japanawa. Likitan ya ce maganar da aka haddace dunƙule takan tsira haka.

A Tsamaye aka ce iska ne ke magana ta bakinsa. Masu zuwa dubiya suka ragu, rabin garin ma ya watse neman abinci. Kalilu yakan wuni gindin aduwa shi kaɗai, zance cike da cikinsa. In Hajo ta kawo fura yakan so ya ce mata ta rame, ta sha ita ma. Sai “ke... fura” ya fito, ta ɗauka ƙari yake so.

Wata ranar kasuwa aka ce an ga farar mota a Sabon Birni da baƙi masu ƙananan idanu. Ya matsa har Hajo ta aro jaki ta kai shi. Ya ja ƙafa zuwa jikin motar, ya rusuna, ya zuba musu duk gaisuwar Japanawa da ya sani. Suka dubi juna. Direbansu ya ce, “Baba, waɗannan 'yan Sin ne, hanya suka zo aunawa.” Ɗayansu ya miƙa masa biskit.

A hanyar komawa, Hajo na jan jaki, ta juyo ta ce, “Malam, za ni koyi abin nan naka. Faɗa mini, ƙaƙa suka ce ma ruwa?”

Ya faɗa mata. Ta riƙe kalmomi kaɗan, da su suka yi ta lallaɓawa har ya rasu da bazara, kafin saukar damina.