Ko Rigar, Ko Fuskar

"Ka sa idon kyamarar a lamba sha shida, rana ta yi yawa."

"Sha shida? Ai fuskar za ta fito baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya!"

"To, in ka buɗe mata ido zuwa takwas, rigar ce za ta yi fari fat, aikin wuyan nan duk ya ɓace."

Malaman makaranta ne su biyu, masu ɗaukar hoto don sha'awa, suke jayayya a kan kyamara ɗaya a bakin Ƙofar Marusa. Hoto guda ya rage a fim ɗin.

Wanda za a ɗauka yana tsaye ƙiƙam a rana tun ɗazu, murmushi har ya fara sa masa ciwon kumatu. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha bugu, sai dai ta yi masa yawa. Hannun rigar na zamewa, yana tare shi da kafaɗa. Ƙarƙashin faratansa duk baƙin mai, da gani mai gyaran keke ne. Soja za su koma bariki, shi kuwa kansila yake nema, kuma yau mai buga fosta yake jiran hoton.

Yana bin su da ido, daga wannan zuwa wancan. Bai san mene ne sha shida ba, amma ya gane abu ɗaya: ko shi ya fito, ko rigar.

Can sai ya yi gyaran murya.

"Malam, fuskata ai duk unguwa an san ta, har an gaji da ita. Rigar ce baƙuwa, kuma bayan La'asar mai ita zai zo karɓa. Don Allah a ɗauki rigar."