Ranar da Kakata Ta Tuƙa Kare

Jiya na ga furen bado a wani kwatami, sai Kakata ta faɗo mini a rai.

A daminar da soja suka shirya miƙa wa farar hula mulki, an yi wani ruwa da ya cika kududdufin da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari har ya tumbatsa. Da safe bado ya buɗe fari fat a kan ruwan, iska tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A kan wani ɗan tudu can tsakiya kuwa, kare ne ke ta kuka, ƙafarsa a karye, ruwa na hawowa.

Karen wani tsohon kafinta ne, Ibo, wanda ke gyara mana ƙofofi. Iyalinsa sun ƙare a yaƙin basasa, ba shi da kowa sai wannan dabba. Yana tsaye a bakin ruwa yana ta kiran sunan karen.

Ga kwalekwale a ɗaure, amma mai shi ya tafi ƙauyensu jefa ƙuri'a. Maza kuwa cike da wurin, kowa ya iya ba da shawara, ba wanda ya iya tuƙi.

"Ai kare ne, Inna," in ji wani mai shago, da ya ga Kakata tana ɗaure zane.

"Na gani," ta ce. Ta miƙo mini ƙoƙo. "Shiga, ke za ki riƙa kwashe ruwa."

Ashe a bakin kogi aka haife ta, ba mu sani ba! Tsohuwar da muke riƙe wa buta ta kama filafili, jirgi ya miƙe ɗoɗar, furanni suna gogar gefensa. Na ji tsoro, amma alfahari ya fi yawa. Da muka isa, karen ya rarrafo cikin jirgin ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Da muka juyo, kafintan ya tarye mu cikin ruwa har ƙugu, yana kuka kamar yaro. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce gida ta sake wanka.

Yau an cike kududdufin, shagunan atamfa ne a kai. Har ta rasu, tsofaffin unguwa suna tsokanarta da "direbar kare", tana jin haushi. Ni kuwa har gobe, in aka tambaye ni 'yar gidan wa ce, sai in ɗaga kai in ce jikar direbar kare ce.